Me ya sa wata jihar Jamus ta juya wa Microsoft Word baya?

A 2024 jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta sanar cewa za ta raba kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 da Microsoft Office, wanda Word ke cikinsa, ta koma LibreOffice, manhajar rubutu ta kyauta. Ba tsimin kuɗi kaɗai ba ne dalili. Dokar Amurka ta CLOUD Act, ta 2018, ta ba hukumomin ƙasar damar tilasta wa kamfanoninta, irin su Microsoft, miƙa bayanan da ke hannunsu, ko da a Turai aka adana su.

LibreOffice kuwa a kan kwamfutarka take aiki, ko babu intanet, kuma wasiƙarka tana nan inda ka ajiye ta. Sai dai tsaron wasiƙar yana wuyanka. In kwamfuta ta lalace ba ka kwafi wasiƙar ba, kana iya rasa ta.