Ko Kun Sani? Benayen Ƙasa a Birnin Yamai

Ko kun san cewa a shekarar 2016 aka kammala waɗansu gidaje shida masu bene a birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar, waɗanda aka raɗa wa suna Niamey 2000, kuma da tubalin ƙasa aka gina su, wanda aka matse da inji ba tare da an gasa shi ba? Cikin masu zanen har da Mariam Issoufou Kamara, 'yar ƙasar. Hikimar al'amarin, wadda maginan soro suka laƙanta tun zamanin kakanni, ita ce bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana sannu a hankali, ba ya sakinsa sai bayan faɗuwar rana, alhali kuwa bulon siminti da rufin kwano sukan shigar da zafi ɗaki tun da hantsi. Da yake ɗakin ƙasa ba ya buƙatar sanyayawa sosai, magidanci yakan sami sauƙin kuɗin lantarki, kuma lalle wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. A shekarar 2022 gidajen suka shiga jerin gine-ginen da aka tantance domin lambar yabo ta Aga Khan.