Haruffan Bayan Marsandi Ba Su Ne Motar Ba

Makon jiya ƙanen wani abokina ya shigo unguwa da farar Marsandi, yana ta danna hon. Na fito na yi masa Allah ya sanya alheri, sai ya ja hannuna zuwa bayan motar, ya nuna mini haruffa uku masu ƙyalli. "Yaya, AMG ce fa. Shi ya sa na ƙara wa dillalin kuɗi." Na ce ya buɗe bonet. Injin silinda huɗu ne, na C300 ƙirar 2016, irin wadda ta cika wuraren sayar da mota. Haruffan kuwa da gam aka manna su. Na gaji da ganin matasa suna zuba miliyoyi a kan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba.

Jerin motocin Mercedes-Benz ba shi da wuyar ganewa. Tsakanin C, E da S, C ce ƙarama, E matsakaiciya, S babba. Idan aka sa GL a gaba, masu tsayi ake nufi: GLC, GLE, GLS. Wadda muka sani da ML ita ta koma GLE a 2015, GLK kuma ta zama GLC. A kasuwar Amurka a 2024, sabuwar C300 ta fara daga ƙasa kaɗan da dala 50,000, E350 da GLE 350 sun ɗan haura 60,000, S500 ta wuce 110,000, G63 ta zarce 180,000, Maybach S680 kuwa sama da 230,000. Wannan farashin motar tsurarta ne, kafin a ƙara rufin gilashi, kujerun da ke yi wa mutum tausa ko manyan lasifiku. Kuɗin jirgi, na kwastan da faɗuwar naira lissafinsu daban.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ɗaukar rubutun bayan but a matsayin shaidar abin da ke cikin bonet. A da akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Zamanin V-boot, 230E injinta lita 2.3 ne, 200 kuma lita 2, lamba tana tafiya da inji. Kamfanin ya daɗe da barin wannan tsari. C300 ta yau lita 2 ce mai silinda huɗu, ƙarfin doki 255. GLE 350, duk girman jikinta, ita ma lita 2 ce. Sai an kai GLE 450 ake samun silinda shida, lita 3. S580 ba lita 5.8 ba ce, lita 4 ce mai silinda takwas. Lambar yanzu matakin motar a cikin danginta kawai take nunawa.

AMG kuwa gida ne guda mai tarihinsa. Injiniyoyi biyu, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, suka kafa shi a 1967 don gyara injin Marsandi na tsere, kuma mazauninsa yana garin Affalterbach na Jamus. Injin motocinsa masu lamba 63 mutum ɗaya ne ke harhaɗa kowanne da hannu, sannan a liƙa ƙaramin faifai mai sa hannunsa a saman injin. Birki, giya, salansa da ƙafafun motar duk daban suke. C63 ta zamanin motar yaron nan silinda takwas gare ta, lita 4, ƙarfin doki 469, alhali tasa 241 take da shi. Kusan ninki biyu ke nan. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne kamfanin da kansa yana sayar da wani abu mai suna AMG Line. Kwalliya ce zalla: bamba mai faɗin baki, wili masu tambarin AMG, sitiyari mai shafaffen ƙasa, tabarmin ƙafa. Inji yana nan yadda yake. A can, mai saye ya san ado ya biya wa kuɗi. A nan sai dillali ya haɗiye kalmar "Line", ya bar ka da sauran. Wannan ha'inci ne, ko da bai furta ƙarya da bakinsa ba, kuma wanda ya ɓoye aibin kaya ko ya ƙawata shi da abin da babu, ya san hukuncinsa. Haka masu sauya wa tsohuwar G fuska da fitilu da bamba, su kira ta ƙirar bana. Amma mu masu saye ma muna da laifi. Son a ce "wane ya yi mota" ya sa ba ma son tambayar da za ta ɓata mana labari.

Kafin ka miƙa ko sisi, nemi lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne. Duba ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, duba ta a jikin ginshiƙin ƙofa, ka gwada da ta takardun kwastan. Idan ɗaya ta saɓa, juya ka tafi. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, alama ta goma ita ke faɗin shekarar ƙira: G na nufin 2016, L 2020, R 2024. Da wannan lambar ake fito da takardar da ke nuna injin da kayan da motar ta baro masana'anta da su, da ita kuma ake gano ko ta taɓa yin mummunan hatsari ko ambaliya ta shanye ta kafin a yi gwanjonta. Tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira ba, ya jona mata na'ura. Buɗe bonet da rana tsaka ka nemi faifan nan mai sa hannu. Kada ka tsaya ga ƙirga silinda kawai, domin C63 ƙirar 2024 silinda huɗu ce haɗe da lantarki, tana ba da ƙarfin doki 671, kuma kuɗinta ya haura dala 80,000. Idan motar tana da ƙafafun iska, bar ta ta kwana ka dawo da safe ka ga ko wani gefe ya zauna. Tambayi kuɗin fitila ɗaya da na'urar giya tun kafin ciniki ya faɗa. Sannan a rubuta cikakken sunan ƙirar a rasit, da shaidu.

Yaron ya koma wurin dillalin washegari. Dillalin ya ce masa shi AMG Line ya faɗa, rasit kuma "Mercedes fara" kawai aka rubuta a kai. Jiya na gan shi bakin masallaci, haruffan suna nan daram a bayan but.