Mai Gadi Daga Bayan Katanga

'Yan'uwa, ga wata dabara da na karanta, na ga ya kamata mu sani. Ana iya gina kwamfuta ta kwaikwayo a cikin ta gaske, wata babbar manhaja irin su Xen tana riƙe da ita. A 2003 Garfinkel da Rosenblum na Jami'ar Stanford a Amurka suka kawo shawarar a ajiye manhajar gadi a waje, tana leƙen ƙwaƙwalwar ta ciki, inda muguwar manhaja ba za ta kai gare ta ba.

Ita ƙwaƙwalwar an raba ta shafi-shafi, galibi bayit 4096 kowanne. Mai gadi yakan kulle shafi, watau a karanta amma kada a rubuta. Da an taɓa rubutu, sai aiki ya tsaya cik, ƙara ta je gare shi. Ya duba, in ɓarna ce ya hana.

To, wahalar tana ga rubutu na halal. Tilas ya buɗe shafin, umurni ɗaya tak ya wuce, kana ya mayar da kulle. Amma in masarrafai biyu ke aiki tare, ta biyun tana iya yin ɓarna a ɗan lokacin nan, ba wanda ya gani. Don haka waɗansu sukan sa mai gadi ya yi rubutun da kansa, shafin yana kulle. Ni na fi son hanyar Xen da ake kira altp2m: a buɗe wa masarrafa ɗaya kaɗai, sauran su tarar da shi a kulle.