Ƙaurar Turawa zuwa Amurka cikin jirgin tururi

Tsakanin Turai da Amurka akwai wani babban teku, sunansa Atlantika. Daga birnin Libaful na ƙasar Ingila zuwa birnin Niyu Yok, tafiyar ta fi kilomita 5000. Babu tudu, babu garin da za a yada zango, sai ruwan gishiri iya ganin ido. Duk da haka, daga shekarar 1820 zuwa 1920, mutum fiye da miliyan 30 suka shiga ƙasar Amurka, mafi yawansu Turawa ne da suka ƙetare wannan teku. Galibinsu talakawa ne: manoma, maƙera, masaƙa da ƴan ƙodago.

Abin da ya tashe su

Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ba ya barin gidan ubansa sai da dalili.

A tsibirin Irlanda, dankalin Turawa shi ne abincin talaka, safe da maraice. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa cikin ƙasa. Cutar ta yi ta komowa shekara bayan shekara. Gonakin kuwa na manyan masu ƙasa ne. Wanda ya kasa biyan kuɗin haya sai a kore shi, a rushe ɗakinsa. Yunwa da cuta suka kashe kusan mutum miliyan ɗaya, fiye da miliyan ɗaya kuma suka bar ƙasar.

A Jamus jama'a ta yi yawa. Rabon gado ya daddatsa gonaki, har gona ba ta iya ci da gida. Injunan saƙa suka karya kasuwar masaƙan hannu. Bayan shekarar 1880, talauci ya kori ɗimbin mutanen Italiya. Yahudawan ƙasar Rasha kuma suka fara gudu daga 1881, saboda ana kai musu hari, ana ƙone musu gidaje.

A can ƙetaren teku ana neman hannuwa. Ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ana haƙar ma'adinai, ana gina masana'antu. A shekarar 1862 gwamnatin Amurka ta yi doka: wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara 5, za a mallaka masa wajen hekta 65. Amma filayen nan suna da masu su. Ƙasar mutanen asali ce, waɗanda aka kora daga cikinta da bakin bindiga.

Zamanin jirgin iska

Da farko jiragen teku na katako ne. Ana ɗaura musu manyan ƙyallaye bisa dogayen itatuwa, iska ta tura su. A arewacin Atlantika iska ta fi busowa daga yamma, wato tana fuskantar mai zuwa Amurka. Don haka tafiyar takan ɗauki mako 5 ko 6, wani lokaci har wata 2. Ba wanda ya san ranar isa. Guzuri yakan ƙare, ruwan sha ya yi wari, ƙwarƙwata ta yaɗa zazzaɓi mai kisa.

Shekarar 1847 ita ce mafi muni. Ƴan Irlanda suka cika jirage, jikinsu duk yunwa ta cinye. Da yawa suka mutu a hanya, aka jefa gawarsu cikin teku. A wani ƙaramin tsibiri kusa da birnin Kebek na ƙasar Kanada, inda ake tsare marasa lafiya, an binne mutum fiye da 5000 a wannan shekara kaɗai.

Yadda jirgin tururi yake aiki

Idan tukunya ta tafasa bisa murhu, tururi yakan ɗaga murfi. Wannan ƙarfi shi ne sirrin jirgin tururi. A cikin jirgin akwai manyan tukwane na ƙarfe, rufaffu, cike da ruwa. Ana hura musu wuta da gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Anu Araren, cikin jihar Agadas. Tururin yana bin bututu, ya tura wani sandan ƙarfe gaba da baya. Sandan yana juya farfela a bayan jirgin, farfela ta tunkuɗa ruwa, jirgi ya yi gaba. Dare da rana ƴan wuta suna zuba gawayi da shebur, cikin zafi da baƙin hayaƙi.

A watan Afrilu na shekarar 1838, jiragen tururi biyu suka iso Niyu Yok daga Turai. Sirius ya yi kwana 18 a hanya, Great Western kuma ya yi kwana 15. Jiragen farko suna da manyan ƙafafu masu juyawa a gefe biyu, kuma ba su yar da ƙyallayensu ba, don gudun lalacewar inji. Kuɗin shigarsu da tsada, sai masu hali da wasiƙu suke ɗauka. Daga baya aka ƙera jiragen ƙarfe masu farfela, masu faɗin ciki. Cikin shekarun 1850 kamfanoni suka fara ɗaukar talakawa. Kafin shekarar 1880, kusan dukkan masu ƙaura jirgin tururi suke shiga. Tafiyar ta komo kwana 10 zuwa 14, kuma an san ranar tashi, an san lokacin isa.

Zaman cikin jirgi

Manyan tashoshin da ake tashi su ne Libaful, Hambur, Biremen da Napoli. Wani ya sai da saniyarsa da gonarsa ya sayi tikiti. Wani kuma ɗan'uwansa da ya riga shi tafiya ne ya aiko masa da shi cikin wasiƙa.

Masu kuɗi suna sama, kowa da ɗakinsa. Talakawa suna ƙasa, kusa da inji da kaya. Wurin kwanansu wani dogon zaure ne mai duhu, an jera gadaje, wani bisa wani. Maza marasa aure suna gefe guda, ƴan mata suna gefe guda, masu iyali suna tsakiya. A jirage da yawa kowa yakan zo da katifarsa ta ciyawa, da kwanonsa, da cokalinsa. Abincin bai wuce burodi da dankali da romo da kifi mai gishiri ba.

Idan hadari ya taso, sai a rufe ƙofofi don kada ruwa ya shiga. Jirgi ya yi ta tangaɗi, mutane su yi ta amai, yara su yi ta kuka. Idan gari ya yi kyau, sai a hau sama a sha iska, a yi kiɗa da rawa, kowace ƙabila da irin nata.

Inji bai kawar da haɗari duka ba. Ran 1 ga Afrilu 1873, wani jirgi mai suna Atlantic ya bugi duwatsu da dare kusa da Halifas, a gaɓar Kanada. Mutum fiye da 500 suka halaka. Amma da yake kwanakin tafiya sun ragu, mutuwa saboda cuta ta ragu ƙwarai.

Ƙofar shiga

Daga shekarar 1886, mai isowa Niyu Yok yakan fara hango wani dogon mutum-mutumi na mace riƙe da fitila, wanda Faransa ta ba Amurka kyauta. Ran 1 ga Janairu 1892 aka buɗe wurin karɓar baƙi a tsibirin Elis. Wadda aka fara rubutawa wata yarinya ce ƴar Irlanda, Annie Moore, mai shekara 17. Ta zo da ƙannenta maza biyu, don su iske iyayensu.

A tsibirin ana jera mutane, likitoci su duba su. Wanda aka ga alamar ciwo a jikinsa, sai a yi masa shaida da alli a riga, a ware shi. Ana tambayar kowa sunansa, da sana'arsa, da kuɗin da ke hannunsa. Kimanin mutum 2 cikin 100 ake mai da su Turai. Wani lokaci a karɓi uwa da uba, a ƙi ɗa. Nan iyali sukan tsaya su yanke shawara mai wuya: ko su rabu, ko su koma gaba ɗaya.

Masu zuwa su komo

Ba Amurka ta Arewa kaɗai aka nufa ba. A ƙasar Birazil, bayi ne suka daɗe suna noman rake da kofi. Ƴan Afirka ne da aka ƙetarar da su wannan teku cikin sarƙa, har da Hausawa a cikinsu. Su ba su zaɓi tafiya ba, kuma kaɗan ne suka sake ganin gida. Da aka hana bauta a Birazil a shekarar 1888, masu gonakin kofi suka ƙara neman ƴan ƙodago daga Italiya.

Jirgin tururi ya sa komowa gida ta yi sauƙi. Lokacin sanyi a Italiya shi ne lokacin girbin alkama a Arjantina. Sai wasu manoma su gama aikin gonarsu, su hau jirgi, su yi girbi a can, su komo da kuɗi kafin lokacin shuka. Wannan shi ne cin rani, sai dai hanyarsa teku ce. Wasu kuwa sun tafi da niyyar shekara biyu, suka yi aure, suka haifu, aka binne su a can. Jikokinsu ne suka cika biranen Niyu Yok da Buwenos Aires da Sawo Pawlo.

Tambayoyi

1. Me ya kori mutanen Irlanda daga ƙasarsu?
2. Don me jirgin iska yake daɗewa a hanyar zuwa Amurka?
3. Yaya tururi yake tura jirgi?
4. Su wa ke da filayen da aka raba wa baƙi?
5. Mene ne bambancin tafiyar ƴan Italiya da ta ƴan Afirka zuwa Birazil?
6. A duba taswira, a nuna tekun Atlantika, da Libaful, da Niyu Yok.