Zafi da saurin haɗuwar radikal a cikin iska

Kowa ya san nama ya fi saurin ruɓewa da bazara a kan lokacin ɗari. Saboda haka mutum zai iya zaton zafi kullum yana gaggauta haɗuwar sinadarai. A cikin iska, ba ko da yaushe maganar take haka ba.

Mu fara da kalmar radikal. Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra. Idan suka haɗu biyu ko fiye, su ake kira molekul. A cikin molekul akwai ilektaron, waɗanda sukan zauna bibbiyu. In ɗaya ya rasa abokin zama, ya zama gwauro, to wannan molekul shi ne radikal. Ba ya daɗewa a haka, domin kullum neman abin da zai kama yake yi.

Misali na farko shi ne radikal mai suna OH, watau oksijin ɗaya da haidirojin ɗaya. Hasken rana ke samar da shi daga ozon da tururin ruwa. Shi ne ke cinye yawancin metan, iskar nan mai ɗumama duniya da ke fitowa daga cikin shanu da fadamun shinkafa. Kafin OH ya fizge haidirojin daga metan, sai ya tsinke wani ɗauri mai ƙarfi. Kamar katanga ce a gabansa: sai karon da ya zo da isasshen ƙarfi ke tsallake ta. Zafi yana ƙara gudun molekul, don haka masu tsallakewa suke ƙaruwa. Svante Arrhenius, mutumin Suwidin, shi ya tsara lissafin wannan a shekarar 1889. In aka tashi daga digiri 25 zuwa 45 a ma'aunin Salsiyas, saurin haɗuwar OH da metan yakan ƙaru da kusan rabi. A digiri 50 ƙasa da sifiri kuwa, yakan ragu kamar sau bakwai. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi cinye metan a sararin ƙasashe masu zafi.

Misali na biyu ya saɓa wa na farko. Idan radikal biyu suka gamu, galibi babu katangar tsallakewa. Matsalarsu ita ce su zauna tare bayan karo. In sun zo da gudu mai yawa, sai su rabu nan take, sai fa idan wani molekul na uku, kamar naitirojin, ya ɗebe rarar ƙarfin. A nan sanyi ne ke taimako. Haka ClO, watau kulorin da oksijin, yake haɗuwa da ɗan'uwansa can sama da nahiyar Antatika, inda sanyi kan kai digiri 80 ƙasa da sifiri. Da rana ta fito, sai haskenta ya fasa abin da suka haifa, kulorin ya kuɓuce ya far wa ozon, wanda ke kare mu daga haske mai ƙona fata. Masanan Birtaniya ne suka ba da labarin wannan ɓaraka a 1985.

Ke nan, kafin a ce zafi zai gaggauta wata haɗuwa ko zai rage ta, sai a fara tambaya: akwai katanga a hanya, ko babu?