Matsalar Kalmar "Ƙwayar Cuta" a Ilimin Ƙananan Halittu

Ɗalibin ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, in ya zo yi wa jama'a bayani da Hausa, yakan tarar kalmar "ƙwayar cuta" ta haɗe bakteriya da bairos, alhali halittarsu ta sha bamban. Bakteriya ce ke haddasa kwalara. Bairos kuwa shi ke jawo zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969, ɓeraye ke yaɗa shi, kuma yakan ɓarke a jihar da rani. Maganin kashe bakteriya ba ya tasiri a kan bairos, wanda sai a cikin ƙwayoyin jiki yake hayayyafa. Rashin bambancewa kan sa majinyaci ya yi ta shan kafso har ciwo ya ci ƙarfinsa. Don haka ya wajaba masana harshe da likitoci su daidaita kalmomin.