Sauya Furosesa: Gaskiya da Jita-jita a Kasuwar Kwamfuta ta Kaduna

Furosesa ita ce 'yar guntuwar na'urar da ke zaune a tsakiyar madabod, ita ke yin lissafin duk aikin da aka ba kwamfuta. Kamfanoni biyu na Amurka, Intel da AMD, su ke ƙera kusan duk waɗanda ake samu a shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Masu neman sauya ta a Kaduna galibi masu buga gem ne, sai masu tace bidiyon biki, waƙa, wa'azi ko fim. Kwamfutocin da ke hannunsu kuwa akasari tokumbo ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso Najeriya. Maganganun da ke yawo a kan wannan kaya wasu gaskiya ne, wasu ƙarya, wasu kuma sun yi gaskiya a dā amma zamani ya wuce su.

Wadda ta fi kowace yaɗuwa ita ce cewa i7 ta fi i5, i5 kuma ta fi i3, a kowane hali. Wannan yana tabbata ne kawai idan zubinsu ɗaya, kuma ajinsu ɗaya. Core i7-3770 ta fito a 2012 da kor huɗu, wato ƙananan injinan lissafi huɗu a cikinta. Core i3-12100 ta 2022 ita ma kor huɗu gare ta, kuma ta yi wa waccan i7 fintinkau a gem da tacewa. Lambobin da ke bin sunan su ke faɗin zubi: 3770 zubi na uku ce, 12100 zubi na goma sha biyu. A laftof lamarin ya fi ruɗarwa. Core i7-7500U kor biyu kacal gare ta, alhali i5-8250U da ta biyo bayanta a 2017 tana da huɗu. Harafin U alama ce ta furosesar da aka yi don tattalin batir, H kuwa ta aiki mai nauyi. Sitikar da ke manne a jikin kwamfuta ba ta nuna wannan duka, shi ya sa ake sayar da i7 mai shekara goma da tsadar da ba ta cancanta ba.

Haka zancen yawan gigahaz yake. Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8 tun 2004, amma Core 2 Duo E6600 ta 2006, mai 2.4, ta fi ta aiki, domin abin da take kammalawa a kowane bugu ya fi yawa.

Ana kuma cewa kowace kwamfuta ana iya ɗaga furosesarta. A laftof, wannan ya daina zama gaskiya bayan zubi na huɗu na Intel. Tun daga nan kusan duk laftof ana liƙe furosesarta ne da dalma a jikin madabod, ba gurbin cirewa. Wanda ya ce zai mayar da laftof mai i5 zubi na takwas ta koma i7, to madabod ɗin gaba ɗaya zai sauya, ko kuma sitika. A kwamfutar tebur ana cirewa, amma kowace da soket ɗinta. LGA1155 na zubi na biyu da na uku ne, LGA1150 na huɗu ne da ƙalilan na biyar, LGA1700 kuma daga na 12 zuwa na 14. Akwai tarko a LGA1151: zubi na shida zuwa na tara duk suna shiga ramin, amma madabod ɗin na shida da na bakwai ba ya tayar da na takwas da na tara. AMD ta fi sauƙi ta wannan fuska. Soket ɗin AM4 da Ryzen ta farko ta hau a 2017 shi ne dai Ryzen 7 5800X3D ta hau a 2022, kuma madabod irin B450 yana karɓar Ryzen 5000 idan an sabunta BIOS ɗinsa kafin a cire tsohuwar. Ƙananan akwatunan ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda suka cika kasuwa, suna da wani cikas na daban: na'urar ba da wutarsu sau da yawa ba ta kai wat 300 ba, cikinsu kuma ba ya ɗaukar babban katin girafik.

Katin nan shi ne abin da masu gem suka fi mantawa. Idan EA Sports FC, eFootball ko GTA V na sarƙewa, laifin yakan faɗa kan furosesa, alhali katin girafik ne ke zana hoton. Tantancewa ba ta buƙatar injiniya. A buɗe Task Manager yayin da gem ke gudana: in katin ya kusa kashi 100 furosesa kuwa tana wajen rabi, sabuwar furosesa ba za ta ƙara wani abin kirki ba. In furosesa ce ta cika katin yana hutawa, to sauyin yana da hujja. Furosesa mai kor shida irin i5-12400 ko Ryzen 5 5600 ta wadatar da yawancin gem ɗin da ake bugawa a yau.

A tace bidiyo, masu cewa yawan kor yana da amfani sun yi gaskiya, musamman wajen fitar da aiki idan an gama. Amma sarƙewar da ake gani lokacin tacewa a Premiere Pro, DaVinci Resolve ko CapCut sau da yawa daga wani wuri take. Wayoyi da kyamarorin yanzu suna matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265, kuma warware shi aiki ne mai nauyi. Intel ta sa wani sashe na musamman don wannan a cikin girafik ɗin furosesarta tun 2011, sunansa Quick Sync. Furosesar da sunanta ya ƙare da F, kamar i5-12400F, an kashe mata wannan sashe, shi ya sa ta fi araha. Ga mai gem da ke da kati wannan ba asara ba ce. Mai ɗaukar bidiyon kamu da wunin biki da 4K kuwa gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki marar F. Kwamfutar da ke da ram gigabait 8 da tsohon hadis mai juyawa, ko an sa mata i9 ba za ta sake ba. Ram 16 ko 32 da SSD su ne gaba.

Zancen cewa AMD tana zafi, ba ta dace da ƙasarmu ba, tsohon labari ne mai tushe. FX-9590 ta 2013 wat 220 take ci. Yau Ryzen 5 5600 an ƙayyade ta a wat 65, yayin da Core i9-14900K ke kaiwa 253. PlayStation 4 da 5 da ke wuni a kunne a gidajen gem na Kawo da Tudun Wada duk furosesar AMD ce a cikinsu. Hasali ma Intel ce ta amsa a 2024 cewa manyan furosesocinta na tebur na zubi na 13 da 14 suna lalacewa saboda wutar da ta wuce kima. Ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, don haka sayen ta hannu daga waɗannan zubi biyu yana da kasada.

Zafin kansa gaskiya ne. A watannin Maris da Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka, furosesa kan kai wajen digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu don kare kanta. Kwamfutoci da dama da ake zaton sun tsufa busa ƙura da sabon man sanyaya kawai suke buƙata. Man goge baki da wasu ke shafawa a madadinsa yana bushewa cikin ɗan lokaci, ba ya maye gurbinsa.

Furosesa ta hannu, idan aka cire zubi na 13 da 14 na Intel, ba ta cika mutuwa ba. Abin dubawa shi ne lanƙwasassun ƙafafu, a jikinta idan AM4 ce, a cikin soket idan Intel ce, sannan a tabbatar da sunanta a manhajar CPU-Z kafin a biya. Xeon E5 da ake haɗawa da madabod ɗin X99 na Sin ana tallata ta da yawan kor, amma tsohuwar furosesar saba ce ta wajen 2014 zuwa 2016, kowane kor nata a hankali yake tafiya, ga cin wuta ga mai dogaro da inbata ko janareta. Ba ta kuma cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, jerin da a dunƙule ya fara daga zubi na takwas na Intel da Ryzen 2000. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka duk kuɗin da aka zuba a furosesar da ke ƙasa da wannan iyaka an zuba shi ne a kwamfutar da sababbin manhajojin tacewa da gem za su riƙa barin ta a baya.